Tsintaccen Kare: A Ɗauka ko a Bari?



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu unguwanni, malamanmu, iyaye mata, sarkin mafarauta da jama'arsa, abokan aikina likitocin dabbobi da ma'aikatan lafiya, da 'yan makarantar da nake hangowa can baya, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kun baro gida lafiya.

Yau 28 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe tun 2007 don yaƙi da ciwon haukar kare. An zaɓe ta ne saboda a irin wannan rana, a 1895, Louis Pasteur ya mutu, masanin nan na Faransa da ya fara yi wa ɗan Adam allurar wannan ciwo a 1885. Masu shirya taro sun nemi in yi bayani a kan ciwon kansa. Na roƙe su su bar ni in shigo ta wata ƙofa, wato tambayar da aka fi yi mini a bakin asibiti, wadda kuma daga amsarta ciwon yake samun hanya ko ya rasa.

Wata Litinin da damina, shekara 9 ke nan, wani tela ya shigo asibitinmu, ɗansa na biye da shi rungume da kwalin taliya. Yaron bai wuce shekara 11 ba. Da ya buɗe kwalin sai ga ɗan kwikwiyo da bai fi mako shida ba, ciki ya kumbura saboda tsutsa, haƙarƙari duk a waje, kunnuwa cike da kaska kamar an watsa gero, ƙazuwa ta cinye gashin wuyansa. A ƙarƙashin kwalbati yaron ya tsamo shi bayan ruwan dare. 'Yan uwan kwikwiyon uku ruwa ya riga ya kashe su, uwar kuma ba a san inda ta yi ba. Uban ya zauna ya cire hula ya ce, "Likita, yaron nan kwana biyu ke nan ya ƙi cin abinci. Mahaifiyarsa ta ce ba za ta zauna gida ɗaya da kare ba. Ni kuma bakina ya yi nauyi in ce masa ya mayar da shi inda ya ɗauko. Tsakaninka da Allah, in ɗauka ko in bari?"

Mun fi awa ɗaya muna magana da shi a ranar. Abin da na gaya masa, da abin da shekarun da suka biyo baya suka ƙara koya mini, shi na kawo muku.

A ƙasashen Turawa wannan tambaya tana da gidanta da ma'aikatanta. A birnin Landan, a 1860, wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gida don karnukan da suka ɓata da waɗanda yunwa ta galabaitar. Jaridar The Times ta yi mata ba'a a lokacin, a kan cewa ga mutane na kwana a titi ita kuma ta damu da kare. A 1871 gidan ya koma unguwar Battersea, yana nan har gobe da wannan suna. A Amurka karnuka kimanin miliyan 3 ne suke shiga irin waɗannan gidaje kowace shekara. Wanda yake son ɗaukar kare daga can sai ya sha tambayoyi kamar mai neman aure. Gidanka ne ko haya? In haya ne, mai gidan ya yarda? Awa nawa kake yi a wurin aiki? Akwai ƙananan yara? Wani lokaci har gida za a biyo ka a duba. Kafin a miƙa maka karen an yi masa allurai, an yi masa aikin hana haihuwa, an sa masa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata wadda take ɗauke da lambar da za a gane mai shi. A Ingila sa wannan na'ura ya zama doka tun 2016. In zama ya ƙi daɗi, ka mayar musu, za su karɓa.

Dalilinsu na riƙe kare daban yake da namu. Su galibi abokin zama suke nema, wanda zai kwana a falo. Ban zo in ce mu kwaikwayi wannan ba. Abin da ya burge ni shi ne tambayoyin. Mu a nan babu mai yi mana su. Kare yana shigowa gidanmu ne a cikin kwali a hannun yaro, ko maƙwabci zai tashi ya ce ga shi ka riƙe, ko wata karya ta laɓe a bayan shago ta haihu, mai shago ya fara jefa mata ƙanzo, kafin a ankara an ce ai ta wane ce. Tun da babu ma'aikacin da zai titsiye mu, ya zama dole mu titsiye kanmu.

Amma kafin a zo asibiti sai an bi ta zauren malamai, domin a gidan Bahaushe a nan maganar kare take fara tsayawa. Mun taso muna jin ana zagi da kare. Yaro ya hango kare sai ya duƙa ya ɗauki dutse, in ka tambaye shi laifin da karen ya yi masa ba zai iya faɗa ba. Alhali a cikin Bukhari da Muslim akwai labarin matafiyin da ƙishirwa ta kama, ya shiga rijiya ya sha, da ya fito ya tarar da kare yana lasar danshin ƙasa saboda ƙishi, ya koma ciki ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Akwai kuma labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

Ina so ku riƙe waɗannan labarai biyu a tare, don a tsakaninsu duk maganata take. Matafiyin nan ba a ce ya saɓi karen ya kai gida ba. Ruwa ya ba shi, ya kama hanyarsa, kuma wannan ya ishe shi samun gafara. Matar kuwa ta ɗauki dabba ta sa a ƙarƙashin ikonta, sannan ta tozarta haƙƙinta. Ke nan tausayin dabba yana kan kowa, ba ya jiran sai an yi shawara. Kai ta gida kuwa amana ce, kuma amana ba a ɗaukarta don zuciya ta karye na minti biyar.

Akwai kuma hadisin da ya yi gargaɗin cewa ladan mutum yana raguwa kullum in ya riƙe kare, sai fa karen farauta ko na kiwo ko na gona. Suratul Ma'ida, aya ta 4, ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo wa mai shi. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, ta hana riƙe kare a cikin gidajen gari. Sai dai masu sharhin littafin sun ruwaito cewa shi kansa Shehin, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro a kan rayuwarsa, ya ajiye kare. Da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Daga irin wannan ne malamai da yawa suka shigar da gadin gida cikin abin da aka yi rangwame a kansa in akwai buƙata ta gaskiya. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne kawai. Shafi'awa sun tsananta fiye da haka. Fatawa ta malamai ce, ga su nan zaune, duk mai shakka ya tambaye su. Abin da ni na ɗauka daga wurinsu shi ne tambayar farko da na yi wa telan nan: "Malam, wane aiki karen nan zai yi maka?"

Ya yi shiru, sannan ya ce gidansu a bakin gari yake, yana da tumaki biyar da yake kiwo don Babbar Sallah, kuma bara an haura an kwashe masa biyu. Na ce to, wannan dalili ne. Da cewa ya yi yaro ne kawai yake so, da na ce ya yi haƙuri mu nema wa kwikwiyon wani gida. Sha'awar yaro damina ɗaya ce. Ɗan kwikwiyo abin sha'awa ne wata uku ko huɗu, daga nan sai ya zama kare mai cin kwano guda, mai haushi da tsakar dare, mai yaga takalmin baƙo. Yaron kuma ya tafi makarantar kwana.

Yanzu mu zo kan abin da ya tara mu. Tsintaccen kare ba ya zuwa da tarihinsa. Ba ka san wa ya cije shi makon jiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukar kare yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na waɗanda suka kamu daga kare suka samo shi, kuma kimanin 40 cikin kowane 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. In ta shiga ta cizo, ko ta yakushi, ko kare ya lashi wurin da fata ta yage, sai ta kama jijiya ta dinga hawa a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata biyu zuwa uku, takan yi ƙasa da haka, takan kuma kai shekara. Cizon fuska da wuya ya fi gaggawa saboda hanyar gajera ce, kuma fuskar yaro daidai take da bakin kare. Duk tsawon wannan lokaci mutum lafiyarsa ƙalau, ciwon ma ya warke an manta. Ranar da alamu suka bayyana kuwa, sai dai addu'a, domin kusan babu mai tashi.

Akwai kuskure biyu da nake so mu bar su a ɗakin nan. Na farko, ɗaukar cewa mahaukacin kare shi ne kawai mai gudu da jajayen idanu yana cizon duk abin da ya tarar. Akwai nau'in da ba ya faɗa. Kare zai yi laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki, baki a buɗe, yawu yana dalala, ya kasa haɗiya. Mai shi sai ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya naɗe hannun riga ya zura hannu a bakinsa zai ciro. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Don Allah duk karen da kuka gani a wannan hali, kada kowa ya kai hannu. Na biyu, ɗaukar cewa ɗan kwikwiyo ya yi ƙanƙanta da ɗaukar ciwon. Yana ɗauka.

Ba na son ba da labarin da zan bayar yanzu, amma ya zama dole. Wata yarinya 'yar shekara 7, yayanta ya tsinto kwikwiyo a bayan kasuwa. Tana wasa da shi ya kama mata yatsa, ɗan jini kaɗan ya fito. Kakarta ta sa aka yanko gashin kwikwiyon aka ƙona aka shafa tokar a wurin, kamar yadda ta ga iyayenta suna yi. Bayan kwana biyar kwikwiyon ya mutu, aka jefar a bola, babu wanda ya haɗa wannan da wancan. Mako bakwai bayan haka yarinya ta fara zazzaɓi, tana cewa yatsan yana mata ƙaiƙayi. Rana ta uku uwarta ta miƙa mata kofin ruwa, ta zabura ta ture, maƙogwaronta yana shaƙewa, ga ƙishirwa tana kuka tana neman ruwan, in an kawo kuma ta kasa ko kallonsa. An ɗauka iska ce, aka yi ta turare. Lokacin da aka kai ta asibiti babu sauran abin yi. Ni an kira ni ne daga baya don in duba sauran dabbobin gidan. Uban ya riƙe hannuna a zaure ya ce, "Likita, da sabulu ne kawai?" Na ce masa sabulu da allura, Alhaji. Mutuwa da wa'adi take, wannan mun yi imani da shi, amma an umarce mu da neman magani, kuma wannan maganin yana nan.

Saboda haka ku ji da kyau, musamman iyaye mata, don ku ake fara rugowa wurinku. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a duba agogo. Kada a sa toka ko barkono ko man birki, kada a ɗaure. A tafi asibiti a ranar, a fara allurai, kuma a cika su duka a ranakun da aka rubuta. In cizon ya yi zurfi akwai wata allura ta daban da ake yi a bakin ciwon. Karen kuma, in ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi kwana 10 a kira likitan dabbobi. Karen da ciwon ya kai ga yawunsa ba ya wuce waɗannan kwanaki a raye. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara wa mutum allura.

Me wannan yake nufi ga mai son ɗaukar tsintaccen kare? Daga inda aka tsince shi asibitin dabbobi za a nufa da shi kafin gida. A duba shi, a ba shi maganin tsutsa da na kaska. Allurar haukar kare ana yin ta daga wata uku da haihuwa, a kuma maimaita kamar yadda likita ya rubuta a kati. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana yin wannan allura a nan gida Najeriya. Akwai kuma allurar gudawar jini da ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwana biyu ko uku. Sannan a keɓe shi, yara su yi nesa da bakinsa, a sa masa ido na tsawon lokacin da likita ya faɗa, don allura ba ta warkar da karen da ciwon ya riga ya yi nisa a jikinsa. Wanda ya san ba zai iya wannan zirga-zirga ba, amsar tambayarsa ta riga ta fito: ya bari.

Sai maganar ciki. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13 in ya sami kula. Kwano biyu a rana, shekara 12, ya haura kwano 8,000. Mutane sukan ce ai ragowar tuwo zai ci. A gidaje nawa ake samun ragowa a wannan zamani? Kuma tuwo kaɗai ba ya riƙe kare, yana buƙatar abin gina jiki. Masu zuwa kwata su karɓo kayan ciki, ku dafa kafin ku ba shi. Huhu ko hantar da kuka ga tana da ƙululu mai ruwa a ciki, a binne ta ko a ƙona. In kare ya ci ta ɗanya, tsutsar da ke cikin ƙululun takan girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fito a kashinsa, su koma cikin tumaki da mutane su yi ƙulli a hanta. Albasa tana lalata masa jini. Goro da cakulan guba ne a gare shi. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji. Ruwa kuma kada ya yanke a kaskonsa, balle a watan Afrilu.

Tambayar da maza suka fi tsallakewa ita ce, wa zai yi wannan aiki? Maigida ya yanke hukunci a zaure ya fita kasuwa, wahala ta faɗa kan matar da ba a shawarta ba, ita ce da shara, ita ce da tsaron tabarmar salla da tukunyar ruwa. Shi ya sa na ce wa telan nan ba zan ba shi amsa ba sai ya koma ya zauna da mai ɗakinsa. In ba ta yarda ba, karen nan zai rayu cikin kora da jifa da muciya, kuma karen da ya taso da duka shi ne mai cizo. Haka maƙwabta. In gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya da iyali biyar, ni shawarata a bari. In layinku almajirai suna bi da daddare, ko masallaci yana jikin katangarku, sai ka tabbata kana da ƙofar da take rufuwa. Ɗaure kare da guntuwar sarƙa a rana daga safe har dare, shekara da shekaru, shi ma zalunci ne, kuma yana mayar da shi mugu. Yana buƙatar inuwa da wurin motsawa, can nesa da ɗakunan kwana.

Babban kare da wani ya gaji da shi ya ba ka, lissafinsa daban ne. Halin kare yana ginuwa ne a makonni 12 na farkon rayuwarsa. In a lokacin bai saba da yara ko awaki ba, da wuya ya saba daga baya. Ka tambayi mai shi dalilin rabuwa, ka nemi katin allura, ka tambayi maƙwabtansa ko ya taɓa cizo. Ka je ka gan shi lokacin da yake cin abinci. In ya sandare, ya kafe ka da ido yana gurnani don ka matso kusa da kwanonsa, kada ka kai shi gidan da ake rarrafe.

A nan zan ɗan tsaya in faɗi abin da yake ci mini rai. Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, karnukan da aka fi kawo mana ana neman mai karɓa su ne manyan karnukan waje da masu hali suka saya da kuɗi masu yawa. Akwai wani irin da asalinsa daga tsaunukan Kokeshiya ne masu dusar ƙanƙara, gashi a jikinsa kamar bargo. An kawo shi garin da zafi yake haura digiri 40, an kulle shi a keji na kwano. Da abincin buhu ya yi tsada sai aka bar wa maigadi, maigadin da shi ma albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba. Na ga irin wannan kare, ƙato, ya koma ƙashi da fata, kunnuwa ƙudaje sun cinye. Wanda ya yi wannan ba shi da bambanci da matar kyanwa. Alhali karenmu na gida, jan nan mai tsayayyun kunnuwa da mafarauta suke fita da shi, ya san zafinmu, ya fi jure kaskarmu, abincinsa kaɗan ne. Abzinawa ma a yankin Azawak suna da nasu siririn kare mai dogayen ƙafafu da Turawa suke saye da tsada. Mun raina namu ne kawai don a bola muke ganinsa.

Hausawa sun ce tsintacciyar mage ba ta mage. A kan kare dai aikina ya nuna mini akasin haka. Telan nan ya dawo bayan kwana uku ya ce an daidaita: kare zai zauna a garken tumaki ta bayan gida, ba zai taka tsakar gida ba, kwanonsa daban, yaro ne da shara kafin ya tafi makaranta. Suka sa masa suna Tsintau. Ya cika alluransa, muka fiɗiye shi yana ɗan wata bakwai. Katinsa yana nan a wurinmu, shekara 9 ba a tsallake ko ɗaya ba. Tun da ya girma ba a sake haura katangar nan ba. Yaron yanzu yana jami'a. Bara da aka kawo Tsintau allura, gemunsa ya fara fari, uban ya gaya mini cewa mai ɗakinsa ce yanzu take tuna masa in ranar ta matso. Har yau ba ta taɓa shafa shi ba, kuma ba a nemi ta shafa ba. Amma ba ta kwanciya sai ta tambaya ko an zuba masa ruwa.

To in lissafi ya nuna ba za ka iya ba fa? Babu kunya a ciki, kuma ba shi ke nan an rufe ƙofar alheri ba. Ka ba shi ruwa da abinci a inda yake. Ka hana yara jifansa. Ka kai shi asibitin dabbobi, ko ka yi wa sarkin mafarauta magana, ko mai lambu, ko makiyayi, waɗanda suke da aikin ba shi. Ka san hannun da za ka miƙa wa, don akwai masu karɓa su ɗora a mota zuwa kasuwar karnuka. In kana da hali ka biya kuɗin allurarsa ko da ba naka ba ne. In kuma ciwonsa ya wuce magani, likita yana da hanyar da zai sauƙaƙa masa ba tare da azaba ba, wadda ta fi a bar shi tsutsa tana cinsa da rai.

Abin da nake roƙo a daina shi ne rabin ɗauka. A karɓi kwikwiyo, a yi wasa da shi wata uku, in ya girma a buɗe masa ƙofa ya nemi na kansa. In ya kori ɓarawo a ce namu ne, in ya ciji ɗan maƙwabta a ce ba mu san shi ba. Yawancin karnukan da muke kira na titi a garuruwanmu suna da gidan da suke komawa. Karya takan yi ciki sau ɗaya ko biyu a shekara, cikin kwana 63 ne, ta haifi huɗu ko shida ko fiye. Waɗannan su ne ake zubawa a kwali a kai ƙarƙashin kwalbati. Aikin hana haihuwa da muke yi wa karya sau ɗaya ne a rayuwarta.

In an yi cizo a unguwa kuma, sai matasa su fito da gorori, ko a zuba guba a nama. Gubar ta kashe kaji da kyanwoyi da ungulaye, wani lokaci har yaro ya tsinta. Ta kashe karnukan da aka yi wa allura, waɗanda su ne katangar unguwar, bayan 'yan watanni wasu sababbi marasa allura su cike gurbin. Abin da aka gwada aka ga amfaninsa shi ne yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura. A Njamena, babban birnin Chadi, an yi haka a 2012 da 2013, ciwon ya kusa ɓacewa daga karnukan birnin na wani lokaci, sai da aka shigo da shi daga waje ya dawo. Meziko ta dage shekara da shekaru, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ta raba mutanenta da ciwon da ake ɗauka daga kare. Burin duniya shi ne zuwa 2030 kada a sake rasa rai ko ɗaya ta wannan hanya. Njamena ba ta fi mu likitoci ba, kuma karnukansu irin namu ne.

Iyayenmu masu unguwanni, kun san kowane gida da yake da kare a ƙasarku, ku taimaka mana da ƙidayarsu. Malamanmu, muna roƙon huɗuba ɗaya a shekara a kan haƙƙin dabba da wankin minti 15. Malaman makaranta, ku gaya wa yara cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya faɗa a gida, ba za a doke shi ba, don tsoron bulala ya sa yara da yawa sun ɓoye cizo. Ku kuma 'yan makaranta, in kun ga kwikwiyo a lambatu, kada ku sa hannu, ku kira babba.

Abokan aikina suna bakin ƙofa da akwatin allura har zuwa la'asar. Duk mai kare a gida, nasa ne ko tsintacce, in ya kai wata uku, ya je ya kawo shi yau.